Ganye da Kemo a Kan Sankarar Ƙwaƙwalwa: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A watan Maris na shekarar 2005 likitocin sankara a duniya suka yi wata murna wadda in aka ba mutumin gari labarinta sai ya ɗauka ba'a ake yi. Wani likita mai suna Roger Stupp, wanda a lokacin yake aiki a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, ya jagoranci gwaji a kan majinyata 573 masu fama da giliyobilastoma, mafi munin sankarar da ke tsirowa a ƙwaƙwalwar manya. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu gashi kaɗai, ɗaya kashin aka haɗa musu gashin da wata ƙwayar kemo mai suna temozolomid. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin wata 12.1. Waɗanda aka haɗa wa ƙwayar kuwa, sai da aka kai wata 14.6 kafin a rasa rabinsu. Ribar ke nan, wata biyu da rabi. An kuma ga cewa bayan shekara biyu kashi 26.5 cikin ɗari na masu shan ƙwayar suna raye, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 10.4 ne kawai.

Sama da shekara ashirin ke nan, kuma wannan tsari na tiyata, gashi da temozolomid shi ne har yanzu ginshiƙin magani a manyan asibitocin duniya. Ba talauci ne ya sa ba. Sanata Ted Kennedy na Amurka an gano masa cutar a watan Mayu na 2008, ya rasu a Agustan 2009. Sanata John McCain an gano tasa a Yulin 2017, ya rasu a Agustan 2018. Beau Biden, ɗan mutumin da daga baya ya zama shugaban Amurka, ita ce ta yi ajalinsa a 2015. Mutane ne da babu ƙofar asibitin da za a rufe musu, babu kuma kuɗin maganin da zai gagare su.

Shi ya sa duk sa'ad da labari ya ɓulla cewa masana sun haɗa wani sinadarin tsiro da kemo sun karya taurin kan wannan cuta, kan ka ce kwabo ya zagaye wayoyin mutane. Yau a ce kurkum ne, gobe a ce inabi, jibi koren shayi ko habbatus sauda. Ba na cikin masu yi wa wannan bincike dariya, zan ma nuna dalilin da ya sa dariyar jahilci ce. Amma ina da ƙorafi a kan yadda ake gudanar da mafi yawansa, da kuma yadda ake ba da labarinsa. Ana yawan faɗa mana cewa sinadarin ya kashe ƙwayoyin cutar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ina ya kashe su, kuma ko zai iya isa inda suke a cikin ƙoƙon kan mutum.

Sai mun fara fahimtar taurin kan kansa. Aikin temozolomid, wanda Malcolm Stevens da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Aston da ke Birmingham, shi ne ya liƙa wani ɗan tabo a kan zaren gado na ƙwayar sankarar, wato DNA. Idan ƙwayar ta zo rabuwa biyu sai ta yi ta ƙoƙarin gyara wurin tana kasawa, har zaren ya tsinke ta mutu. To amma jikin ɗan Adam yana da mai faci. Wani furotin ne da ake kira MGMT, aikinsa ya bi zaren yana ɓamɓare irin wannan tabo. A lafiyayyen jiki alheri ne, shi ke kare mu daga gubar da muke ci muke shaƙa. A cikin ƙari kuwa shi ne ɗan leƙen asirin abokan gaba: likita na ɓula taya, shi yana bi yana liƙewa. A wancan gwaji na 2005, Monika Hegi ta binciki naman ƙarin da aka ciro daga majinyatan, ta gano cewa a wajen kashi 45 cikin ɗari ƙarin ya kulle wannan mai faci da kansa. Su ne suka fi cin moriyar ƙwayar, rabinsu sun kai wata 21.7. Sauran, waɗanda mai facinsu ke bakin aiki, abin da ƙwayar ta ƙara musu bai taka kara ya karya ba.

Ko waɗanda maganin ya karɓa da farko, cutar kan dawo da sabuwar dabara. Wasu ƙwayoyin sukan daina lura da tabon kwata-kwata, su ci gaba da hayayyafa da shi a jikinsu. Ga kuma matsalar da ta fi kowacce: giliyobilastoma ba dunƙule ɗaya ba ce da za a yanke a jefar. Duk manomin da ya taɓa fama da aya-aya a fadama ya san labarin. Ka nome sama tas, saiwar na can ƙasa ta yi nisa, ruwa ɗaya za a yi ta dawo. Tun a 1928 wani likitan tiyata a Johns Hopkins, Walter Dandy, ya kai ga cire rabin ƙwaƙwalwa sukutum don ya rabu da ita, amma ta sake tsirowa a ɗaya ɓarin.

Mai hankali zai ce, to a ɗaure mai facin mana. An gwada. An samar da sinadarin da ke kashe MGMT, aka haɗa shi da kemo a jikin mutane. Sai ɓargo ya fara kuka kafin ƙarin ya ji a jikinsa, domin ɓargon ma da wannan mai facin yake kare kansa. Jini ya yi ƙasa, dole aka rage yawan kemon, ribar da ake nema ta bi ruwa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin duk wani sinadarin tsiro da aka ce yana sa sankara ta ƙara jin kemo, tambaya ta farko ita ce ko yana sa ɓargo da hanta su ma su ƙara ji.

Sai wata matsalar, katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Paul Ehrlich na Jamus ya lura cewa in aka yi wa dabba allurar rini a jini, duk gaɓoɓinta sukan rine ban da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa a manne suke gam, ba su da 'yan kafofin da na sauran jiki ke da su, kuma a jikinsu akwai wasu famfuna da ke turo duk baƙon sinadarin da ya kutsa su mayar da shi cikin jini. Ƙiyasin da masana ke yawan kawowa shi ne kashi 98 cikin ɗari na ƙananan magunguna ba sa tsallake wannan katanga. Temozolomid ya yi fice ne domin yana tsallakewa, amma shi ma abin da ke isa ruwan ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin jini ba.

Yanzu mu zo kan tsiro. Masu raina shi su sani cewa rabon da ake yi tsakanin maganin bature da maganin itace rabo ne na kasuwa, a ɗakin bincike babu shi. Akwai wani fure mai ruwan hoda ko fari, asalinsa daga Madagaska, da muke dasawa a ƙofar gidaje da harabar ofisoshi muna wuce shi kullum. A shekarun 1950 wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka ji labarin ana dafa ganyensa a Jamaika don ciwon suga. Suka gwada a kan ɓeraye. Sugan bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jini ne suka zube. Daga nan aka samo binbilastin, daga baya kuma kamfanin Eli Lilly ya fito da ɗan'uwansa binkiristin, wanda aka amince da shi a 1963, kuma yana cikin magungunan da suka mayar da sankarar jinin yara daga hukuncin kisa zuwa cutar da akasari ake warkewa. A sankarar ƙwaƙwalwa ma yana nan. Haɗin da ake kira PCV, magunguna uku ne, ɗaya cikinsu binkiristin. A wani dogon gwaji na Amurka da Kanada a kan wani nau'in ƙari da bai kai giliyobilastoma muni ba, majinyatan da ƙarinsu ke ɗauke da wata alamar gado ta musamman, in aka haɗa musu PCV da gashi rabinsu sukan kai shekara 14.7, in gashi ne kaɗai shekara 7.3. Ashe haɗa sinadarin tsiro da kemo a cutar ƙwaƙwalwa ba mafarki ba ne, an daɗe ana yi.

Amma a duba yadda aka yi. Ba shayin furen aka ba kowa ba. Sai an tace ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya, a auna shi da miligiram, a ba da shi ta jijiya. Yana sa tafin hannu da ƙafa su mutu, kuma in aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka, kusan kullum mutuwa ce. Fitowa daga tsiro bai sa ya zama mai sauƙin hali ba. Tunya da tururibi ma ai tsirrai ne, da su kakanni ke dafin kibiya. Har yau kuma akwai ƙwararrun da ke jayayya kan ko binkiristin yana shiga ƙwaƙwalwa sosai, ko kuwa sauran biyun ne ke yin aikin shi yana karɓar yabo.

Labarin Taxol ya fi fito da abin da nake nufi. Daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka aka samo shi, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, aka amince da shi a 1992, ya zama babban makami a sankarar mama da ta ƙwan mace. In ka ɗiga shi a kan ƙwayoyin giliyobilastoma a cikin kwanon gwaji, yana kashe su da ɗan ƙanƙanin abu, ya fi temozolomid ƙarfi nesa ba kusa ba. A jikin mutum kuwa bai tsinana komai ba, domin famfunan nan na katanga suna mayar da shi. Sai a 2023 Adam Sonabend da tawagarsa a Jami'ar Northwestern da ke Chicago suka wallafa gwaji a kan mutum 17: an dasa musu wata 'yar na'ura a ƙoƙon kai mai aika sautin da kunne ba ya ji, wanda ke buɗe katangar na ɗan lokaci, mafi yawanta ta rufe cikin kamar awa ɗaya. Suka auna, suka ga maganin da ya shiga naman ƙwaƙwalwa ya kusa ninkawa huɗu. Wannan bai nuna an tsawaita ran kowa ba tukuna, gwajin farko ne. Amma ya nuna inda gizo ke saƙa. Shekara hamsin muna da gubar, ƙofa ce ba mu da ita.

To ina mafi yawan labaran da ke zagaye wayoyinmu suke fitowa? Daga kwanon gwaji. A shuka ƙwayoyin sankara a cikin ɗan faranti, a zuba temozolomid, a zuba sinadarin tsiro, a jira kwana biyu ko uku, a ƙirga matattu. A cikin farantin babu hanjin da zai ƙi tsotsa, babu hantar da za ta narkar, babu ƙodar da za ta fitar, babu katanga. Sau da yawa ma adadin da ake zubawa ya ninka abin da jinin mutum zai taɓa iya ɗauka. A irin wannan yanayi ko gishirin miya ka zuba da yawa zai kashe su. Ƙwayoyin da ake gwajin da su ma abin dubawa ne. Mafi shahararsu, U87, an samo su ne a Uppsala ta ƙasar Suwidin a shekarun 1960, kuma dubban takardun bincike sun dogara a kansu. A 2016 masana na Jami'ar Uppsala suka kwatanta zaren gadonsu da na ainihin ƙarin da aka ajiye, suka tarar waɗanda duniya ke amfani da su ba daga wannan majinyacin suka fito ba. An yi musanya a hanya, ba wanda ya lura.

Kurkum shi ne sarkin wannan fage. Sinadarinsa, kurkumin, an rubuta dubban takardu a kansa, kuma a faranti kusan babu cutar da bai ba kashi ba. A 2017 wasu masana haɗa magunguna a Amurka, ciki har da Kathryn Nelson, suka yi bitar abin da aka tara. Suka ce an yi gwaji sama da 120 a kan mutane, kuma babu ko ɗaya mai cikakken tsari da ya tabbatar da amfaninsa a matsayin magani. Suka bayyana dalili: sinadarin ba ya daɗewa kafin ya lalace, hanji ba ya tsotsarsa sosai, kuma yana da halin yaudarar na'urorin awo, ya sa su nuna aiki inda babu. Ƙari a kan haka, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa tallata shi, Bharat Aggarwal, wanda a da yake aiki a cibiyar MD Anderson a Texas, an janye takardunsa kusan talatin saboda matsalar hotunan da ke cikinsu. Wata ƙaramar tawaga a Frankfurt ta yi abin da ya kamata a fara da shi tun farko: ta ba masu giliyobilastoma kurkumin na musamman, wanda aka sarrafa don hanji ya fi tsotsa, na 'yan kwanaki kafin tiyata, sannan ta auna naman ƙarin da aka ciro. An same shi a ciki, amma ɗan mitsitsi, ƙasa ƙwarai da abin da ke kashe ƙwayoyi a faranti. A ganina wannan ƙaramin aiki ya fi takarda ɗari ta faranti daraja, ko da yake ba shi da daɗin kai wa jarida.

Me ya sa ake ta yin na farantin? Domin yana da araha, yana ƙarewa cikin wata uku, kuma kusan kullum yana ba da sakamakon da za a wallafa. Malamin jami'a na neman ƙarin girma, ɗalibi na neman digiri, kuma ba laifi ba ne neman ko ɗaya. Namu jami'o'in ma ba a bar su a baya ba wajen jiƙa ganye a barasar gwaji a ɗiga a kan wani abu a rubuta cewa akwai alamar nasara. Laifin yana farawa ne sa'ad da "akwai alama" ta fita daga mujallar masana, ta bi ta ofishin yaɗa labaran jami'a, ta faɗa Facebook, ta iso motar mai magani da lasifika a bakin tasha ta zama "Turawa da kansu sun tabbatar". Haka batun habbatus sauda. Akwai takardun faranti a kan sinadarinta da temozolomid. Matsayinta a zukatan Musulmi sananne ne, ba shi nake taɓawa ba. Amma yarda da albarkar abu daban, sanin miligiram nawa ke isa bayan katangar ƙwaƙwalwa daban, kuma mai sayar da kwalba da ke cakuɗa biyun don ya tsawwala kuɗi ba addini yake yi wa hidima ba.

Akwai waɗanda suka tsallake faranti suka kai ga mutane, kuma su ne suka cancanci a tsaya a kansu. Abin mamaki, wanda ya fi nisa tabar wiwi ce. Masana a Madrid sun nuna a ɓeraye cewa sinadarinta na ƙara wa temozolomid ƙarfi. Daga nan aka gwada Sativex, wani feshin baki mai ɗauke da sinadarai biyu na wiwi daidai wa daida, a kan majinyatan da cutar ta dawo musu. An wallafa sakamakon a 2021: bayan shekara guda kashi 83 cikin ɗari na masu feshin suna raye, a masu feshin bogi kashi 44. Lamba ce mai ɗaukar ido, har sai ka ji cewa mutum 21 ne gaba ɗaya, 12 a nan 9 a can, kuma biyu daga cikin taran nan sun rasu tun cikin kwana 40 na farko. A taro ƙarami irin wannan, mutum biyu sun isa su juya lissafi. Masu binciken da kansu ba su ce sun gano magani ba, sun ce abin ya isa a yi babban gwaji. Shi ne aka tsara ARISTOCRAT a Birtaniya, ƙarƙashin Farfesa Susan Short ta Jami'ar Leeds, don majinyata sama da 230, inda likita da majinyaci duk ba su san wa aka ba na gaske ba. Kada wani ɗan hayaƙi ya karanta wannan ya ce an wanke sana'arsa. Feshin da aka auna kowane ɗigo nasa ba naɗin bayan kasuwa ba ne, kuma ko shi ya sa majinyata amai da jiri.

Na biyu ya fi kusa da gida. A Freiburg ta Jamus, a 2011, an ba majinyata 44 da ake yi wa gashin ƙwaƙwalwa ko dai sinadarin ƙaron wata bishiyar Indiya ko na bogi. Kumburin ƙwaƙwalwa ya ragu sosai a kashi 60 cikin ɗari na masu shan ƙaron, a ɗaya ɓangaren kashi 26. Wannan bishiya 'yar'uwar hano ce, ararraɓin da ke kan duwatsunmu, wanda muke turare da ƙaronsa muke jiƙa ɓawonsa. Sai dai kama da wane ba ta wane, jinsinsu ɗaya amma iri daban. Kuma abin da aka auna kumburi ne, ba tsawon rai ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne. Maganin da ake rage kumburin da shi yanzu, deksametazon, yana tayar da suga, yana kashe ƙarfin cinyoyi, yana hana barci. In aka samu abin da zai rage dogaro da shi, majinyaci ya samu sauƙin kwanakinsa ko da ba a ƙara masa ko ɗaya ba.

Masu kare maganin tsiro suna da hujja guda da nake ganin gaskiya ce. Sukan ce kamfanoni ba za su zuba biliyoyi a gwajin abin da ba za su iya mallaka ba, don haka rashin hujja ba ya nufin rashin amfani. Haka ne. ARISTOCRAT kansa ƙungiyar agaji ce, The Brain Tumour Charity, ta tara masa kuɗi daga hannun jama'a. Amma wannan hujja kira ce ga gwamnatoci da masu hannu da shuni su biya kuɗin gwaji, ba lasisin sayarwa kafin gwaji ba. Kuma ba kullum kamfanonin ke kawar da kai ba. A 2008 GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris a kan dala miliyan 720 saboda sinadarin fatar inabi da danginsa. A 2010 aka dakatar da gwajinsa a kan masu sankarar ɓargo bayan ƙodar wasu ta samu matsala.

Wannan ya kawo mu ga maganar da na fi jin tsoro, wadda ake yi da kyakkyawar niyya a bakin gadon majinyaci: "A haɗa da shi mana, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba." Yana cutarwa. A Rotterdam, a 2002, an ga cewa wani furen Turai da ake sha don damuwa yana rage ƙarfin wani maganin kemo mai suna irinotekan a jini da kashi 42 cikin ɗari, domin yana zuga hanta ta narkar da shi da sauri. Shi kansa irinotekan daga wata bishiyar ƙasar Sin aka samo asalinsa, ka ga tsiro ya karya tsiro. A 2017 masana a Jamus suka ba da rahoton matsalar hanta a jikin mai giliyobilastoma bayan an haɗa temozolomid da atesunet da wasu ganyayen Sin. Atesunet ɗin nan da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, wanda asalinsa daga dangin tazargade ne, kuma a faranti ya nuna yana taimakon temozolomid. Masu ƙari a ƙwaƙwalwa kuma akasari suna shan maganin farfaɗiya, wanda ƙaramin canji a hanta kan sa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wani nazari na Jami'ar Yale da aka wallafa a 2018, a kan sankarar mama, huhu, hanji da mafitsara ta maza, ya nuna waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Wani nazarin na tawagar ya gano cewa masu haɗa biyun ma sun fi mutuwa, kuma babban dalili shi ne sun fi ƙin karɓar wani sashe na maganin asibiti.

A wurinmu matsalar ta riga kai wa nan farawa. Mutum zai yi wata da watanni yana ciwon kai mai tashinsa da asuba da amai, ko dattijo ya fara farfaɗiya bai taɓa yi ba, ko halinsa ya sauya ya dinga maganar da ba ta kan hanya. Sai a ce iska ce, ko sammu, ko hawan jini. Kafin a kai ga hoton ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. Daga nan a shiga neman likitan tiyata, a shiga layin gashi a Shika ko Sakkwato ko Abuja, ko a Yamai inda sai a 2021 Nijar ta samu cibiyar gashinta ta farko. A sayar da gona a sayi temozolomid na zagaye ɗaya, ana bukatar shida bayan gashi. Taurin kan da ake magana a Turai shi ne magani ya daina aiki. Namu, sau da yawa, maganin bai ma samu zuwa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa zai kama, kuma ba ni da bakin zarginsa. Wanda nake zargi shi ne mai miƙa takobin yana karɓar kuɗi, yana nuna lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba, alhali ya san lambar da ake ba irin waɗannan magunguna shaidar gwajin rashin guba ce, ba shaidar warkarwa ba. Likitocinmu kuma su rage tsawa. Majinyacin da aka daka wa tsawa don ya ambaci jiƙo ba zai daina sha ba, faɗa zai daina, kuma likitan ne zai rasa gane abin da ya tayar da awon hanta.

Mun taɓa bin hanyar da ta dace, shi ya sa ban yarda ba za mu iya ba. Cibiyar NIPRD ta Abuja, a zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na cutar sikila mai ɗauke da masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace, ta daidaita shi, ta gwada shi a kan majinyata da na bogi a gefe, ta wallafa a 2001. Niprisan ke nan. Kasuwancinsa ya yi tuntuɓe daga baya, kamfanin Amurka da aka ba lasisi ya karye a 2008, amma ilimin an yi shi bisa ƙa'ida.

Da ni ke raba kuɗin bincike, da ba zan ƙara ba da ko sisi ga wani sabon faranti a wannan fanni ba sai mai nema ya faɗa mini yadda zai nuna cewa sinadarinsa na shiga ƙwaƙwalwa. Tsarin yana nan, cibiyar Ivy da ke Phoenix a Arizona ta gina aikinta kacokan a kansa: majinyacin da dama za a yi wa tiyata, da yardarsa, a ba shi ɗan ƙaramin adadi na 'yan kwanaki, ranar tiyata a ɗebi jini, a ɗebi ruwan ƙwaƙwalwa, a yanki naman ƙarin daga tsakiya da kuma gefe inda katangar ke nan daram, a auna. In bai shiga ba a rufe fayil, mutum goma sun wadatar a sani. Ana cire ƙari a asibitocin koyarwa na Sakkwato, Zariya da Kano. Hano na nan a kan duwatsun Bauchi da Zamfara. Abin da zai haɗa su shi ne kwamitin ɗa'a mai ƙarfi, na'urar awo guda, da firizar da wutarta ba za ta ɗauke ba tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin gwaji.